Faranti, ɓera, kwamfuta ko samfurin majinyaci: wane aiki za ka karɓa a ɗakin binciken sankara?

Tallar aikin kusan iri ɗaya take ko'ina: ana neman mataimakin mai bincike a ɗakin nazarin cutar sankara. Sai dai a ƙarƙashin wannan suna guda akwai sana'o'i huɗu waɗanda jikinka zai gane bambancinsu tun makon farko. Wani zai wuni yana renon ƙwayoyin halittar sankara a faranti. Wani awon ƙari zai riƙa yi a jikin ɓeraye. Wani ko safar hannu ba zai sa ba, domin aikinsa kaf a kwamfuta yake. Na huɗun kuwa yana kai-komo tsakanin ɗakin tiyata da firiza, yana karɓar naman da aka yanko daga jikin marasa lafiya.

Galibin masu neman aikin da sunan cutar suke zaɓe, wannan ya ce sankarar mama yake so, wancan ya ce ta jini. A ganina wannan ne abu na ƙarshe da ya kamata ya dame ka. Mai renon ƙwayoyin sankarar huhu da mai renon na hanji aiki ɗaya suke yi da hannunsu, gobe ma suna iya musanya kujera. Abin da zai riƙe ka ko ya kore ka shi ne aikin da za ka maimaita kullum, har a ranar da babu wani sakamako mai faranta rai.

Abubuwan da za mu auna da su

Na farko tsada, kuma fuska biyu gare ta. Akwai abin da kai za ka kashe na lokaci da horo kafin a fara morar ka, akwai kuma abin da aikin ke ci wa ɗakin binciken. Wannan ta biyun ta shafe ka ƙwarai, saboda gwargwadon tsadar gwaji, gwargwadon yadda za a ƙi barin sabon shiga ya koya da kuskure. Albashi bai cika raba waɗannan ayyuka a farko ba: a jami'o'i da cibiyoyin bincike matakin ma'aikaci ake bi, ba irin teburin da yake zaune ba. Bambancin sai daga baya yake fitowa, lokacin da za ka nemi aiki na gaba.

Na biyu ɗorewa. Yawancin irin wannan aiki kwantiragi ne da ke rataye da kuɗin tallafin bincike, ranar da tallafin ya ƙare kujerar ta tafi. Saboda haka ɗorewar da nake nufi ita ce ta ƙwarewar da za ta bi ka idan ka bar wurin. Sai sauƙi, wato sauƙin koyo da yadda aikin zai raba maka lokacinka. Sai haɗari: ga jiki, ga zuciya, da kuma haɗarin wahalar watanni ta tashi a tutar babu.

Renon ƙwayoyin halitta a faranti

Nan ne ƙofar da yawancin mutane ke shigowa ta cikinta, kuma nan zan fi daɗewa. Da safe abin da za ka fara yi shi ne buɗe akwatin ɗumama, wanda ke tsaye a digiri 37, zafin jikin ɗan'adam, da iskar kabon dayoksaid kashi 5 cikin ɗari. Ka ciro faranti ka ɗaga shi sama ka dubi launin ruwan da ƙwayoyin ke ciki. Idan ja ne garau, lafiya. Idan ya fara komawa ruwan ɗorawa, sun cinye abincinsu sun cika wurin da tsami, lokacin canji ya yi. Idan kuwa ya yi duhu-duhu kamar an kaɗa ƙura a ciki, bakteriya ta shiga, sai zubarwa. Daga nan ka sa farantin a ƙarƙashin maikuroskof ka ga ko sun rufe ƙasansa. Idan sun kusa rufewa, ka fesa sifirit mai ƙarfin kashi 70 a hannu da tebur, ka zuba musu sinadarin tirifsin su saki jikin farantin, ka ƙirga su, ka raba su a sababbin faranti. Bayan kwana biyu ko uku ka sake. Abin kamar kiwo ne, dabba ba ta san ranar hutu ba, don haka leƙawa ɗakin a ƙarshen mako ba baƙon abu ba ne.

A kan waɗannan ƙwayoyi ake gina sauran gwaje-gwajen: a zuba musu magani a ga nawa suka mutu, a ciro DNA a ninka wani yankinsa da gwajin PCR, a nemi wani furotin da gwajin westan bulot, ko a kashe wata ƙwayar gado da fasahar CRISPR, wadda Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana a 2012 har ta kai su ga kyautar Nobel a 2020. Mataimakin da ya iya waɗannan da hannunsa zai gane da idonsa abin da ake nufi idan an ce ƙwayar gado ta TP53 tana lalacewa a kusan rabin sankarar ɗan'adam, domin zai ga yadda ƙwayoyin da suka rasa ta ke ƙin mutuwa a lokacin da ya kamata su mutu.

Ta fuskar tsada, wannan ne mafi rangwame ga mai koyo. Kayan ba masu arha ba ne, musamman ruwan jinin ɗan tayin shanu da ake haɗawa a abincin ƙwayoyin da kuma sinadaran gano furotin, amma idan faranti ya lalace akwai ajiya a cikin ruwan naitirojin, a narkar da wata kwalba a ci gaba. Shi ya sa ake sakar wa sabon shiga hannu da wuri. Cikin 'yan makonni za ka iya renon, ko da yake hannu mai tsabta wanda sakamakonsa ke maimaituwa yana ɗaukar watanni. Ƙwarewar kuma tana ɗorewa: kamfanonin magunguna, ɗakunan nazarin garkuwar jiki, masu haɗa rigakafi, duk suna buƙatarta. Illarta ɗaya ita ce masu ita suna da yawa, sai ka ƙara da wani abu kafin ka fita daban.

Haɗarin jiki matsakaici ne, kuma sananne. Magungunan sankara irin su sisfilatin da doksorubisin guba ne, akrilamaid na ruwa, sinadarin da ake amfani da shi a gwajin furotin, yana taɓa jijiyoyi, ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri yana ƙona fata, kuma lita ɗaya idan ta zama iska takan kai kusan lita 700, ta kore iskar shaƙa a ƙaramin ɗaki ba tare da wari ko launi ba. Ciwon babban yatsa da wuyan hannu saboda yawan danna bututun awo shi ma gaskiya ne.

Haɗarin da ya fi ba ni tsoro dai shi ne wanda ido ba ya gani. Maikofilasma ƙwayar cuta ce da ke zama cikin faranti ba ta gurɓata ruwan ba, tana canza halayen ƙwayoyinka kana ta tara sakamakon banza. Ga kuma cakuɗewa. A 1951 aka ɗebi ƙwayoyi daga ƙarin bakin mahaifar Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka, ba da saninta ba. Ta rasu a shekarar, ƙwayoyin da aka sa wa suna HeLa kuwa suna nan suna ninkuwa har yau. Ƙarfin girmansu ya sa a 1966 Stanley Gartler ya nuna cewa jerin ƙwayoyi da dama da masana ke ɗauka na wasu sassan jiki ne, ashe HeLa ce ta mamaye su. Matsalar ba ta ƙare ba har gobe. Don haka idan ka je ganawar ɗaukar aiki, ka tambaya sau nawa suke gwajin maikofilasma, kuma ko suna tantance asalin ƙwayoyinsu ta hanyar DNA. Amsar za ta gaya maka irin ɗakin da za ka shiga.

Aiki da ɓeraye

Faranti ba shi da jijiyoyin jini, ba shi da hanta, ba shi da garkuwar jiki. Duk maganin da ya yi kyau a can sai an gwada shi a jiki mai rai, kuma galibi ɓera ne. Akan dasa ƙwayoyin sankarar mutum a ƙarƙashin fatar ɓeran da ba shi da cikakkiyar garkuwa, kamar irin marasa gashin nan da ba su da ƙwayoyin T masu yaƙar cuta, ko a dasa ɗan yankin ƙarin majinyaci kai tsaye, ko kuma a haifo ɓerayen da aka sauya musu ƙwayar gado don sankarar ta tsiro da kanta. Aikin mataimaki shi ne ɗaukar nauyinsu, yi musu allura, awon tsawo da faɗin ƙarin sau biyu ko uku a mako, lura da wanda ya daina cin abinci ko ya takure a gefen keji, da rubuta komai.

Wannan ne mafi tsada ga ɗakin. Kowane keji ana biyan kuɗin kula da shi a kullum, ɓeraye marasa garkuwa kuwa sai an tace musu iska an kashe ƙwayoyin cutar abincinsu da shimfiɗarsu. Gare ka ma akwai tsadar jira: ba za ka taɓa dabba ba sai ka yi horo an amince da kai. A Birtaniya dokar 1986 ta wajabta lasisi na ƙashin kai ga mai yin gwajin, a Amurka kuma kwamitin kula da dabbobi na cibiyar ne ke ba da izini. Ko'ina za ka ji ana maimaita ƙa'idoji uku da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959: a maye gurbin dabba idan akwai wata hanya, a rage yawansu, a sassauta musu wahala.

Lokaci a nan ba naka ba ne. Cikin ɓera kusan mako uku ne, yaye ma mako uku, sai sun kai mako shida zuwa takwas ake haɗa su, don haka haɗa sauye-sauyen gado biyu ko uku a jikin ɓera ɗaya yana iya cinye shekara. Idan jadawalin magani ya ce kullum, to kullum ne. Kuskure ɗaya, misali a rikita lambar keji, yana iya rusa aikin wata shida, kuma babu wata kwalba a firiza da za ta maido da shi.

Haɗarin jiki da aka fi sani shi ne borin jini daga furotin ɗin fitsarin ɓera da gashinsa, wanda kan fara da atishawa da ƙaiƙayin ido, wani lokaci ya kai ga asma. Sai cizo da sukar allura. Amma abin da ke korar mutane daga wannan aiki zuciya ce. Idan ƙari ya kai iyakar da aka yarda ko dabbar ta fara shan wahala, kai ne za ka kashe ta, bayan ka yi makonni kana kula da ita. Wasu suna iya ɗaukar wannan da natsuwa da tausayi, kuma su ne suka fi cancantar aikin. Wasu ba sa iyawa, babu kuwa abin kunya a ciki. Gani ya kori ji: ka roƙi a shiga da kai ɗakin dabbobin kafin ka sa hannu a takarda. A sakamakon wannan nauyi, wanda ya ƙware ana nemansa ruwa a jallo, saboda hannun da ya iya allurar jijiyar wutsiyar ɓera ko ƙaramar tiyata ba a samun sa a ko'ina.

Nazarin bayanai a kwamfuta

Sankara cuta ce ta sauye-sauyen DNA, karanta DNA kuma ya yi arha har bayanai sun fi ƙarfin masu nazarinsu. Shirin TCGA na Amurka, wanda ya fara a 2006, ya tattara bayanan samfura sama da 20,000 daga nau'o'in sankara 33, kuma kaso mai yawa a buɗe yake ga kowa. Ma'ana, wannan ne kaɗai cikin huɗun da za ka iya fara koyo tun ba a ɗauke ka ba, da kwamfutarka da intanet. Harsunan kwamfuta da ake aiki da su R da Python ne, da tsarin Linux, duk kyauta.

Tsadarsa a kai take. Watannin farko masu ɗaci ne ga wanda ya fito daga karatun halittu zalla, domin sai ya koyi rubuta umarni da lissafin ƙididdiga a lokaci guda. Idan aka haye wannan tudu, sauƙin rayuwa ya fi na sauran: babu abin da zai mutu don ka yi hutu, kuskure kuma a gyara a sake gudanarwa. Ta fuskar ɗorewa babu na biyunsa, saboda ƙwarewar tana da kasuwa har a wajen kimiyyar lafiya.

Haɗarinsa shi ne kuskure mai kama da gaskiya. Ɗan'adam yana da ƙwayoyin gado masu haɗa furotin kusan 20,000. Idan ka gwada su duka da ma'aunin kashi 5 cikin ɗari da aka saba, wato wanda ke barin sa'a ta yaudare ka sau 5 cikin kowane gwaji 100, kusan 1,000 za su fito kamar suna da tasiri alhali sa'a ce kawai, sai in ka yi gyaran da ya dace. Idan an sarrafa samfuran masu cuta a rana ɗaya, na masu lafiya a wata rana, bambancin da za ka gani yana iya zama na ranar ne. Har manhajar Excel ta daɗe tana mayar da sunayen ƙwayoyin gado irin su SEPT2 da MARCH1 kwanan wata, abin da ya sa kwamitin sanya sunayen ya canza su a 2020. Akwai kuma wani tarko na zaman ofis: idan kai kaɗai ne mai kwamfuta a ɗakin, kowa zai kawo maka fayil ɗinsa, ba ka da mai duba aikinka, ba ka kuma da aikin da za ka ce naka ne. Ka tabbata akwai wanda ya fi ka sani a kusa.

Samfuran majinyata

Nan agogo ne maigida. Da zarar likita ya yanke ƙari, naman ya fara canzawa. Ƙa'idar gwajin sankarar mama, alal misali, ta ce a sa shi a fomalin, ruwan da ke hana nama lalacewa, cikin awa ɗaya, ya zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72, in ba haka ba gwajin furotin HER2 da na masu karɓar homon, waɗanda ake dubawa don zaɓar magani, yana iya ba da amsar ƙarya. Mataimaki ne ke jiran kiran ɗakin tiyata, ya rubuta lokaci, ya raba naman, wani a daskarar a digiri 80 ƙasa da sifiri, wani a zuba shi a kaki a yanka siriri kamar maikuron 4 (maikuron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) a ɗora a gilashi. Shi ke tabbatar da takardar amincewar majinyaci tana nan, shi ke cire suna ya sa lamba.

Koyonsa ba wuya, amma ba ya yafe sakaci, domin samfurin mutum ba a sake samun irinsa. Fomaldihaid, sinadarin da ke cikin fomalin, yana cikin jerin abubuwan da hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, da ke Lyon a Faransa ta tabbatar suna haddasa sankara, jini da ɗanyen nama kuma suna iya ɗauke da ciwon hanta ko HIV, shi ya sa ake neman rigakafin ciwon hanta nau'in B tun kafin ka fara. Sunanka bai cika fitowa da wuri a takardun bincike ba. Abin da za ka samu shi ne sanin ƙa'idojin ɗa'a da tsare bayanai, wanda ke buɗe ƙofar aikin gwajin magunguna a kan mutane, fagen da kujerunsa suka fi zama daram. Kuma a nan ne kaɗai ba za ka taɓa manta cewa akwai mutum a bayan kowace lamba ba.

| Ma'auni | Faranti | Ɓeraye | Kwamfuta | Samfuran majinyata |
|---|---|---|---|---|
| Tsada ga ɗakin | Matsakaiciya | Mafi yawa | Kaɗan, in bayanan na nan | Matsakaiciya |
| Kafin a more ka | Makonni | Watanni, da izini | Watanni | Makonni, da horon ɗa'a |
| Lokacinka | Leƙawa a ƙarshen mako | Jadawalin dabba | Galibi naka ne | Jadawalin tiyata |
| Gyara kuskure | Akwai ajiya | Da wuya | Da sauƙi, in an gano | Babu |
| Haɗarin jiki | Sinadarai, sanyi | Borin jini, allura | Zama, ido | Fomalin, jini |
| Nauyin zuciya | Kaɗan | Mai yawa | Kaɗaici | Matsakaici |
| Inda ƙwarewar ke kai ka | Ɗakunan bincike, kamfanoni | Gwajin magani kafin mutane | Fagage da yawa | Asibiti, gwajin magunguna |

Abin da teburin bai nuna ba

Shugaban ɗakin yana iya juya duk wannan lissafi. A 2012 Glenn Begley, wanda ya jagoranci binciken sankara a kamfanin Amgen, da Lee Ellis suka ba da labarin cewa cikin manyan bincike 53 da aka yi ƙoƙarin maimaitawa, 6 kaɗai suka tabbata. Wani shiri da ya kammala a 2021 ya yi niyyar maimaita gwaje-gwaje 193 na nazarin sankara, 50 kawai ya iya yi, kuma babban cikas shi ne takardun ba su bayyana yadda aka yi aikin dalla-dalla ba. Wannan dalla-dallar a littafin mataimaki take zama. Ɗakin da ke ɗaukar littafinka da muhimmanci, wanda za ka iya cewa gwaji bai yi ba ba tare da an ɗaure maka fuska ba, ya fi ɗaki mai suna inda ake jiran amsar da aka riga aka yanke. Ka tambayi yaushe tallafin zai ƙare, wa zai koya maka da hannu, ko ana sa sunan mataimaka a takardu, kuma ina waɗanda suka riƙe kujerar kafin kai suke yanzu. In da hali, ka ji ta bakin ɗayansu.

Wanne ga wa

Idan ka gama digirin farko kana hangen digirin digirgir amma ba ka tsayar da fanni ba, ka ɗauki aikin faranti, ka riƙa koyon R a gefe da bayanan gwajinka. Wannan haɗin shi nake ba yawancin sababbi shawara, domin sakamako na zuwa da sauri, ana barin ka ka gwada, kuma ba ka rufe wa kanka kowace ƙofa ba. Wanda ke son ganin yadda magani ke aiki a jiki, ko mai sha'awar garkuwar jiki da yaɗuwar ƙari zuwa wasu sassa, wurinsa ɗakin ɓeraye ne, muddin ya shiga ya gani kuma ba shi da asma ko borin jini mai tsanani. Mai nauyin iyali da ke buƙatar ya san lokacin tashinsa, ko wanda lissafi ba ya ba shi tsoro kuma yana son hanyar fita idan tallafi ya yanke, kwamfuta ta fi masa, da sharaɗin akwai gwani a kusa. Mai niyyar karatun likitanci ko nazarin cututtuka a gilashi, ko mai neman aiki mai tsari da zai kai shi gwajin magunguna a asibiti, ya karɓi na samfuran majinyata. Idan kuma tallar ta ce za ka taɓa biyu ko uku daga ciki, kamar yadda ƙananan ɗakuna ke yi, ka nemi a faɗa maka kwana nawa a mako kowanne zai ci, a kuma rubuta shi a takardar ɗaukar aikin.